Dattijon da ke son takawa zuwa Makka ya fara jin yadda na da suka taka

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan'uwana dattawa a kan zuwa Makka a ƙafa. Zancen ya yawaita a bakinmu tun da kuɗin kujera ya haura naira miliyan 8 a 2025, ga shi kuma jikoki suna kawo mana waya su nuna mana mutanen wasu ƙasashe da suka taka har Ɗakin Allah, kamar Bakurden nan mazaunin Ingila da ya tura amalankensa daga garin Wolverhampton a 2021 ya isa Makka a 2022. A masallacin unguwarmu akwai mutum biyu, kowannensu ya ba sittin baya, da suke cewa in Allah Ya kai mu kaka za su ɗauki sanda su nufi gabas. Ɗaya ma har ya yi bakance. Matasa suna yi musu dariya. Ni ba na yi, domin na san begen da ke cin zuciyarsu, kuma Allah da kansa Ya gaya wa Annabi Ibrahim a Suratul Hajji cewa mutane za su zo masa a ƙafa da kuma bisa raƙuma ramammu daga kowace hanya mai nisa. Abin da nake so su sani shi ne, tsofaffin da suka yi wannan tafiya kafinmu suna da tsarin da suke bi, kuma tsarin nan ne ya kai su.

Baffana, yayan mahaifina, baduku ne. Ya bar ƙasar Haɗejiya a farkon shekarun 1950 bayan an gama girbi, gemunsa ya riga ya yi fari fat. Ya biya bashin da ake bin sa, ya raba wa 'ya'yansa gona, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara, aka raka shi bayan gari ana kuka kamar an fitar da gawa, don a lokacin wanda ya tafi ba a cika sa ran dawowarsa ba. Ya dawo bayan shekaru, ni ina yaro ɗan makarantar allo, kuma har ya rasu ba mu gaji da zama a zaurensa muna sa shi maimaita labarin ba.

Hanyar da suka bi ita ce wadda dubban mutanenmu suka bi. Daga Nguru da Gashuwa da Gaidam sai Maiduguri, sai Dikwa, sai Gamboru, a ratsa ɗan siririn arewacin Kamaru zuwa Kusiri, a haye kogi a shiga Fort Lamy, garin da aka mayar wa suna Njamena a 1973. Daga nan sai doguwar tafiyar Cadi ta Ati da Ummu Hajar har Abeshe, babban birnin Wadai, sai Adare a bakin iyakar Cadi da Sudan, sai Al-Junaina a ƙasar Masalit, sai Al-Fashir, sai An-Nuhud, sai Al-Ubayyid. Daga Kano zuwa gaɓar Bahar Maliya ko tsuntsu ne ya miƙe sai ya yi fiye da kilomita 3,000, balle mai bin rijiya da kasuwa. Bayan nan ga teku, fiye da kilomita 300 daga Sawakin zuwa Jidda, sannan a sake takawa zuwa Makka.

Baffa bai tafi shi kaɗai ba, kuma ya ce bai taɓa ganin tsohon da ya tafi shi kaɗai ya kai ba. Ayari suke yi, da madugu wanda ya taɓa zuwa ya dawo, ya san inda ruwa yake da inda 'yan fashi suke da sunan mai masauki a kowane zango. A ayarinsu tsofaffi ake sa wa gaba, samari a baya da jakuna, saboda kada ƙafar saurayi ta zama ma'aunin tafiya. Da an yi sallar asuba sai a kama hanya, hantsi na dubawa a nemi inuwa, ba a sake motsi sai la'asar sakaliya. In da farin wata a ƙara da dare. Ranar Juma'a in sun riski gari, hutu ne. Damina kuwa duk inda ta same su nan za su yada zango, su karɓi aron gona ko su yi ƙwadago, sai an yi girbi an cika buhu da gero a tashi. Shi Baffa jakar aikinsa na rataye a kafaɗarsa, yana gyaran takalmi da linzami da salka, yana ɗinka laya da kube, da haka ya ci abinci daga Barno har bakin teku. Wani wanzami ne, wani mai ɗinkin hula, wani malami mai rubutun sha, mata suna daka da kitso da sayar da ƙosai. Ba wanda ya fita da guzurin da zai kai shi. Sana'a ce guzurin.

Ba kuma da ka suka yi hakan ba. Duk wanda ya karanta littafin fiƙihu na Risala a zaure ya san abin da ta ce game da ikon zuwa Hajji: hanya mai aminci wadda ake bi, da guzurin da zai isar da mutum Makka, da ƙarfin isa can a kan abin hawa ko a ƙafa, tare da lafiyar jiki. Mazhabar Imamu Malik ba ta sa mallakar abin hawa cikin sharuɗɗa ba ga wanda zai iya takawa kuma yake da sana'ar da za ta riƙe shi a hanya. Shi ya sa talakan ƙasarmu ya ga ƙofa a buɗe take gare shi. To amma a dubi sharuɗɗan nan da kyau, amincin hanya na ciki, lafiyar jiki na ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin Baffa shi ne ruwan yankin Kurdufan na Sudan. Ya ce a yankin An-Nuhud akwai tafiyar da ba rijiya ba tafki, sai kukoki. Mutanen wurin suna rarake cikin kuka, su tara ruwan damina a ciki, kowace kuka da mai ita, da rani a ɗebo da guga a sayar wa matafiya. Inda ba kuka sai kankana, ita ce ruwan mutum, ita ce ruwan jaki. Ya ce a nan ne ya ga bambancin tsoho da yaro: yaro in ƙishirwa ta kama shi sai ya yi ta kuka a ba shi, tsoho kuwa sai ya yi shiru yana tafiya har ya faɗi, bai ma san ƙishirwar ce ta kayar da shi ba. Saboda haka madugunsu ya sa doka, duk inda aka tsaya sai an zagaya da ƙwarya kowane dattijo ya sha, ko yana so ko ba ya so. Shekaru da yawa bayan nan na ji likita yana bayani cewa jin ƙishirwa yana raguwa in mutum ya manyanta, sai na tuna da madugun nan, Allah Ya jiƙansa.

Sannan Baffa bai taɓa ɓoye cewa ya hau ba. Inda ya tara 'yan kuɗi ya hau lori, ranar da zazzaɓi ya kama shi aka sauke wa jaki kaya aka ɗora shi, kuma da suka isa Al-Ubayyid, inda layin dogo ya iso tun wajen 1912, jirgin ƙasa ya shiga zuwa Kosti da Sinnar. A Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, inda aka buɗe babban aikin noman auduga bayan gama madatsar Sinnar a 1925, ya yi cirar auduga har ya haɗa kuɗin jirgin ruwa da na takardu da na lamba. A Sawakin aka tsare su a killace, aka yi musu allura, sannan aka bar su suka hau. Waɗanda ba su da kuɗi ko takarda sukan bi ƙananan jiragen 'yan sumoga da dare, wasu teku ta ci su, wasu aka yaudare su aka sayar da 'ya'yansu a can, don sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Ban taɓa jin wani a garinmu ya ce hajjin Baffa ta ragu don ya hau jirgi a Al-Ubayyid ba.

Da yawa kuma ba su kai ba. Amininsa da suka fita tare ya rasu kafin Abeshe, gudawa ta kwana biyu, suka binne shi a gindin wata aduwa suka wuce. Har ƙarshen ransa Baffa in ya zo nan a labarin sai ya yi shiru ya share ido. Wasu sun kai Sudan zangonsu ya zama gari. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903, da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wannan gari da unguwannin Hausawa na Wad Madani da Gadarif da Kassala su ne suka riƙa karɓar masu tafiya, su ba su ɗaki da aiki da abinci irin na gida. Tsoho ya iya ratsa ƙasashe huɗu ne saboda a kowane mataki akwai wanda zai ce masa sannu da zuwa da harshensa.

To, yau ina hanyar take? Tsakanin Maiduguri da Gamboru kowa ya san abin da Boko Haram ta yi a shekarun nan. Sudan kuwa tun 15 ga Afrilun 2023 take cikin yaƙi tsakanin sojan gwamnati da rundunar mayaƙa ta RSF. An yi kisan gilla a Al-Junaina a shekarar, mutanenta suka tsallaka Adare a ƙafa suna gudun ransu, an yi wa Al-Fashir ƙawanya fiye da shekara guda har yunwa ta shiga sansanonin 'yan gudun hijira, Wad Madani ma yaƙin bai bar ta ba. Kafin wannan, a 2022, an kashe Hausawa da dama a rikicin filaye a jihar Shuɗin Nilu. Jikokin waɗanda suka saukar da Baffa su ne yau ke neman wanda zai saukar da su. Ko da mutum ya tsira daga wannan duka, ba a shiga Makka lokacin Hajji sai da biza da izini. Sharaɗin farko na Risala, wato amincin hanya, bai cika ba, kuma ba na jin akwai malamin kirki da zai ce wa ɗan shekara saba'in ya bi ta Darfur a wannan hali. Ina roƙon masu karatu su sa mutanen Sudan a addu'a, muna da bashinsu a wuyanmu.

Ga ɗan'uwana mai bakance kuwa, ga abin da ya zo a Bukhari da Muslim daga Anas ɗan Malik. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu yana jan ƙafa. Ya tambayi abin da ya same shi, aka ce ya yi bakancen zai taka ne. Sai ya ce Allah ba Ya bukatar azabtar da kansa da wannan mutum yake yi, ya umarce shi ya hau. Haka 'yar'uwar Uƙbatu ɗan Amir da ta yi irin wannan bakance, aka ce ta taka kuma ta hau. Shi kansa Manzon Allah a kan taguwarsa ya yi hajjin bankwana. Ya ba Ummu Salama izinin yin ɗawafi a kan abin hawa da ba ta da lafiya, ya kuma bar masu rauni su bar Muzdalifa da dare kafin cunkoso. Littattafanmu na fiƙihu sun yi bayanin abin da ke kan wanda ya kasa cika irin wannan alkawari, har da batun hadaya. Ya je wurin malaminsa ya zauna su warware, hakan ya fi masa.

Amma kada wani ya ɗauka ina cewa tafiyar ƙafa ta ƙare. Ba ta ƙare ba, tana jiran kowane maniyyaci a can, kuma a nan ne nake ganin muna sakaci da tsofaffinmu. Allah Ya nufe ni da sauke farali bayan na yi ritaya, kuma abin da idona ya gani ne ya sa na ɗauki alƙalami. Jirgin sama yana kai mutum Jidda ko Madina cikin sa'o'i kaɗan, daga nan sai ƙafa. Safa da Marwa kaɗai, kai da komo bakwai, kusan kilomita 3 ne. Ɗawafi in cunkoso ya tura mutum hawa na sama, zagayen yakan ninka na ƙasa sau da yawa. Daga masauki zuwa Harami tafiya ce, sau biyar a yini ga mai himma. Arfa tana wajen kilomita 20 daga Makka. Akwai motoci, akwai jirgin ƙasan da aka buɗe a 2010, amma daren saukowa daga Arfa hanya kan cushe har mutane su gwammace su sauka su taka zuwa Muzdalifa, su kwana a kan tsakuwa, su wayi gari su taka zuwa Minna. Daga tantunanmu zuwa wurin jifa a dawo tafiya ce ta kilomitoci, kuma kwana uku ko huɗu a jere ake yin ta. In aka haɗa, dattijon da a gida iyakarsa daga ɗaki zuwa masallacin ƙofar gida zai yi a mako guda abin da bai yi a wata shida ba.

A hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba inuwa, da yawansu tsofaffi ne da masu ciwon da suka zo da shi. Gaskiya ne Hajji na matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara, yana fita daga tsakiyar zafi sannu a hankali, amma ranar Makka ko ba a tsakiyar zafi ba ba abin wasa ba ce.

A bitar da na halarta an koya mana niyya da talbiyya da abubuwan da ke ɓata harami, an zagaya da mu wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe da baƙin ƙyalle, kuma duk sun yi amfani. Ba wanda ya ce da mu ko sau ɗaya mu fara takawa. Ni labarin Baffa ne ya cece ni. Tun da na biya kuɗi na daina hawa babur zuwa masallacin Juma'a da gona, nake fita bayan asuba ina ƙara nisa kaɗan-kaɗan, da takalmin da zan tafi da shi a ƙafata. Wannan na takalmi kada a raina shi. Namiji cikin harami ba safa ba sau-ciki, sai mai buɗaɗɗen sama, kuma sabon takalmi ranar Arfa bororo yake kawowa. Na ga dattijo ɗan Katsina zaune a gefen hanyar Minna, tafin ƙafarsa ya saɓule, don takalminsa ya ɓata a ƙofar Harami ya taka kwalta ba komai. Yana da ciwon suga, bai ji ƙunar ba sai da ya ga jini. Mai suga ya riƙa duba ƙafarsa kowane dare, ya sa takalminsa a 'yar jaka ya rataya, ya ajiye na biyu. A shafa man kaɗe a dunduniya tun daga gida don faso. A nemi man shafawa marar ƙamshi saboda gogar cinya, tunda ba wando, abin da kunya ke hana mutane faɗa alhali yana hana tafiya.

Sai ruwa. Na ga tsofaffi, musamman iyayenmu mata, suna ƙin sha da gangan don gudun layin banɗaki a Minna da Arfa. Wannan shi ne hatsarin da ya fi ba ni tsoro. A sha, a bi layin. A riƙe 'yan ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, a riƙe laima, a guji fita tsakanin hantsi da la'asar in ba dole ba. Mai shan maganin hawan jini, musamman irin mai sa fitsari, ya zauna da likitansa kafin tafiya ya tambayi yadda zai yi da shi a cikin zafi. Kada dattijo ya fita jifa shi kaɗai, kada kuma ya bi sawun samari. A haɗa su rukuni-rukuni, mai rauni a gaba, kamar dai ayarin su Baffa. Wanda ya kasa, akwai keken turawa a ɗawafi da sa'ayi, akwai wakilci a jifa da sharuɗɗansa, kuma karɓar sauƙin da shari'a ta bayar ba gazawa ba ce. Na taka daga Arfa zuwa Muzdalifa cikin taron da ba a ganin ƙarshensa, kowa na talbiyya da irin muryarsa, kuma ban taɓa jin kusanci da Ubangijina kamar na daren nan ba. Ina yi wa kowane tsoho fatan ya ɗanɗani wannan, shi ya sa nake so ya isa wurin da ƙafar da za ta ɗauke shi.

Roƙona biyu ne, Malam Edita. Na farko ga hukumomin alhazai na jihohi da malaman bita: a sa tattaki cikin bita. Tun watanni kafin tashi a riƙa tara maniyyata da sassafe a filin idi ko filin makaranta, a zagaya da su, ma'aikacin lafiya na nan yana auna jini da suga yana duba ƙafa, a san wanda zai bukaci keke ko ɗan rakiya tun ana gida. Ba abu ne mai cin kuɗi ba. 'Ya'yan da suka haɗa wa iyayensu kuɗin kujera su ma su sani aikinsu bai ƙare a banki ba, su riƙa fita da su da safe.

Na biyu gare ka ne. Waɗanda suka bi tsohuwar hanya suna yara, a goye ko a kan jaki, wasunsu suna raye, sun haura tamanin. Akwai su a Kano da Haɗejiya da Maiduguri da Damagaram, akwai waɗanda yaƙi ya koro daga Sudan suka dawo ƙasar da iyayensu suka baro, akwai na unguwar Shara Mansur a Makka. Ka tura wakilanka da na'urar ɗaukar magana su zauna da su, su tambaye su sunayen zangunan da masu masauki da abin da aka ci da wanda aka binne a ina, a riƙa buga mana kashi-kashi. In wakilinka ya zo Haɗejiya ni zan raka shi gidaje biyu da na sani.

Allah Ya kira mu baki ɗaya, Ya ba Sudan zaman lafiya. Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin firamare, Haɗejiya, Jihar Jigawa